Baƙo a Bakin Teku: Tarken Littattafai Biyu Kan Zaman Iyalin Durrell a Tsibirin Korfu

Gabatarwa

Sau da yawa idan aka zauna karatun rubuce-rubucen 'yan ƙungiya, akan ji matashin marubuci yana kukan cewa ba shi da labarin da zai rubuta, wai don ba abin da ke faruwa a gidansu in ban da a ci, a sha, a yi faɗa, a shirya, gari ya waye. Wannan kuka ne ya sa muka ga ya dace a wannan fitowa mu ɗauko wasu littattafai biyu na Turanci mu yi musu tarke, domin dukansu ba su da wani jari da ya wuce zaman yau da kullum na iyali guda a ƙasar da ba tasu ba. Na farko shi ne Prospero's Cell, wato Ɗakin Prospero, na Lawrence Durrell, wanda ya fito a 1945. Na biyu kuwa shi ne My Family and Other Animals, wato Iyalina da Sauran Dabbobi, na Gerald Durrell, wanda ya fito a 1956.

Marubutan nan wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tsibiri ɗaya suka zauna, a cikin shekaru ɗaya, har abokansu ma ɗaya ne. Amma wanda ya karanta littattafan biyu a jere zai rantse gidaje biyu ne daban ake ba shi labari. Manufarmu a nan ita ce mu duba yadda kowannensu ya mai da zaman gida ya zama adabi, sa'an nan mu tambayi abin da mai karatu bai cika tambaya ba, wato su wa aka share daga cikin labarin kafin ya yi daɗin da ya yi.

Iyalin da Wurin

Mahaifin yaran injiniya ne a Indiya zamanin mulkin Ingilishi, kuma a can ya rasu a 1928. A Indiya aka haifi matarsa Louisa, a can kuma aka haifi 'ya'yan huɗu da suka rayu: Lawrence a 1912, sai Leslie, sai Margo, sai autansu Gerald a 1925. Bayan rasuwar sai uwar ta kwashe su zuwa Ingila, ƙasar da tasu ce a takarda amma ba su saba da sanyinta ko halin mutanenta ba. A 1935 suka sake ɗaure kaya suka nufi Korfu, wani tsibiri na ƙasar Girka da ke cikin Bahar Rum, daura da Albaniya. Abin da marigayin ya bari, wanda ba zai kai su ko'ina ba a Ingila, a Korfu ya ishe su hayar babban gida da ɗaukar masu aiki. Mai karatu ya riƙe wannan batu na kuɗi, don za mu komo kansa.

Korfu ta sha mulkin baƙi. Mutanen birnin Benis na Italiya sun riƙe ta daga 1386 zuwa 1797, su ne kuma suka riƙa biyan manoma lada a kan dashen zaitun, har tsibirin ya cika da miliyoyin itatuwansa. Ingilishi sun riƙe ta daga 1815 zuwa 1864. A lokacin da iyalin Durrell suka sauka, yawancin mutanen karkara manoman zaitun ne da masunta da makiyaya. Uwar da ƙananan 'ya'yan uku sun zauna a gidaje uku ɗaya bayan ɗaya, duk a bakin ruwa, ba nisa da babban birni. Shi kuwa Lawrence da matarsa Nancy, a 1936 suka ƙaura can arewa maso gabas, wani ɗan ƙauyen masunta mai suna Kalami, inda suka kama wani farin gida da aka gina a kan dutse, igiyar ruwa na dukan gindinsa. Babu lantarki, kuma an fi zuwa wurin ta jirgin ruwa. Daga ƙofar gidan ana hango duwatsun Albaniya, 'yan kilomitoci kaɗan a tsallaken teku.

Zubi da Tsari

Gerald ya kasa littafinsa kashi uku, kowane kashi da sunan gidan da aka zauna: gida mai ruwan hoda, gida mai ruwan ɗorawa, da farin gida. Dalilin kowane tashi abin dariya ne. An bar gidan farko saboda Larry, wato Lawrence, ya gayyato abokai fiye da yadda ɗakuna za su ɗauka. An bar na biyu saboda wata gwaggo mai fitina ta aiko takarda cewa tunda gida ya yi girma tana nan tafe, sai aka gudu zuwa ƙarami. Babu wani ƙulli babba da ake jira a warware, babu mugu, babu soyayyar da za ta kai ga aure. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne wani zagaye da ke maimaita kansa: yaro ya fita daji, ya ga wata halitta, ya zauna ya yi ta kallonta, ya kawo ta gida, gida ya hargitse.

Bari mu ɗauki labarin kunama, don a nan gwanintar ginin ta fi fitowa. Marubucin bai fara da hargitsi ba. Ya fara da wata tsohuwar katanga a lambun gida, ya ɗauki lokaci yana nuna mana abin da ke zaune cikin tsagoginta da rana da wanda ke fitowa da dare. Ya nuna mana yaron da tocila yana leƙen kunamu, har ya san abincinsu da yadda namiji da mace ke riƙe juna suna juyi kamar masu rawa. Sai da muka fara ganin kunama da idon yaron, sa'an nan ya tsinci wata uwa da tarin jarirai manne a bayanta, ya sa ta a kwalin ashana, ya ajiye a falo, aka kira shi cin abinci ya manta. Larry ya gama ci ya ɗauko kwalin don ya kunna taba. Daga nan kowa ya yi abin da muka riga muka san zai yi. Larry ya kurma ihu, 'yar aiki ta saki faranti, kare ya ruɗe ya cije ta a ƙafa, Leslie na neman abin duka, Margo ta watsa ruwa ta kuskure kunamar ta jiƙe uwarsu, ita kuwa uwar har lokacin ba ta san abin da ake ciki ba. Da ƙura ta lafa, yaron ya bi jariran ɗaya-ɗaya da cokalin shayi ya mai da su katanga. Sakamakon abin kuma shi ne aka yanke shawarar a nemo masa sabon malami, wanda ya buɗe babi na gaba. 'Yan uwa marubuta su lura da cewa dariyar da aka yi a teburin nan tun a babukan baya aka shuka ta, lokacin da ake gina halin kowane mutum.

Lawrence ya bi wata hanya daban. Ya zuba littafinsa a siffar kundin tunatarwa mai kwanan wata, daga 1937 zuwa 1938, yana tsarma dogayen bayanai a tsakani: babi a kan waliyyin tsibirin, Spiridon, wanda ake ajiye da gawarsa a majami'a ana zagaya gari da ita, babi a kan wasan 'yar tsana na inuwa, babi a kan tarihi, babi a kan zaitun. Kwanan watan yana sa mai karatu ya ji kamar a ranar aka rubuta, alhali a birnin Iskandariya na Masar ya tsara littafin lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan tsibirin ya faɗa hannun abokan gaba, kuma bayan Nancy ta rabu da shi. Saboda haka littafin begen abin da ya wuce ne aka yi masa shigar labarin yau. Wannan dabara ta yi aiki, domin ƙarshen littafin, inda yake zaune a Masar yana tuna farin gidan, ya fi kowane wuri taɓa zuciya. Aibinta shi ne babu zaren da ke jan mutum daga babi zuwa babi, kana iya ajiye littafin mako guda ba ka ji ka bar kowa a tsaye ba.

Salo da Sarrafa Harshe

Babban jarin Gerald shi ne haƙurin kallo. Yaro ne da zai kwanta rub da ciki sa'o'i yana jiran gizo-gizo ya buɗe murfin raminsa. Ya sami malamin da ya dace da shi, Dokta Theodore Stephanides, likita kuma masanin halittu, wanda yake zuwa wurinsa kowace Alhamis su sha shayi su duba ƙananan halittun ruwa a madubin ƙara girma. Mutumin nan bai taɓa yi wa yaro ɗan shekara 10 magana kamar yaro ba. Shi ya sa idan Gerald ya siffanta faɗan tsaka da ƙoƙi-ƙoƙi a rufin ɗakinsa, ko kunkurunsa mai kwaɗayin 'ya'yan itace, ko tattabararsa da ta ƙi tashi sama ta fi son tafiya a ƙasa, sai ka ji ba za a iya ƙirƙiro wannan a zaune a kan kujera ba. Gani ya kori ji. Mu da muke gyara insha'in ɗalibai mun san yadda ake cika shafi da "wuri mai kyau ƙwarai da gaske" ba tare da an nuna ko itace ɗaya ba. Maganin wannan cuta yana cikin littafin Gerald.

Dabararsa ta biyu tana cikin sunan littafin. Yakan siffanta dabba kamar mutum, ya ba ta suna da hali da girman kai, ya kuma siffanta mutum kamar dabbar da ake nazari, a lura da inda take kwana da abin da ke tunzura ta. Aibin salonsa kuwa shi ne tara siffofi. Abu ɗaya sai ya sha kamance biyu ko uku, kuma barkwancin da ya yi daɗi sau ɗaya sai a sake shi sau biyar. A littattafai biyu da ya ƙara a kan wannan zama, na 1969 da na 1978, miyar ta ƙara ruwa sosai.

Lawrence mawaƙi ne, kuma a zubensa ma waƙa yake yi. Idan ya kama launin teku ko hasken rana a kan duwatsu ba ka da abin cewa. Wuraren da muka fi yaba masa su ne inda ya sauko ya kalli aiki: yadda masunta ke fita da dare da fitilar gas da mashi mai baki uku, yadda mata ke duƙe cikin ruwan hunturu suna tsintar zaitun da ya zubo, yadda ake matse man. A nan ya fi ƙanensa sanin cewa ƙauye wurin neman abinci ne. Sai dai yakan bar wannan ya tafi zauren wasu masu ilmi, da wani attajiri da ya kira Count D., su yi ta muhawara shafi bayan shafi a kan ko Korfu ce tsibirin da Shakespeare ke nufi a wasansa na The Tempest, inda sunan Prospero ya fito. Wanda bai karanta adabin Turai ba zai tsaya a bakin ƙofa har a gama.

Taurari

Gerald ya ba kowane ɗan gidansu hali guda ya ɗaure shi da shi. Larry littattafai da ƙorafi, Leslie bindigogi, Margo ƙurajen fuska da samari, uwa kuwa girki da lambu da sasanta rigima. Irin wannan gini ya dace da labarin raha, don mai karatu na jin daɗin ya san abin da mutum zai yi kafin ya yi. Amma shekaru sun wuce a littafin babu wanda ya sauya ko ya girma. Uwar da muke gani mai fara'a ce kullum, ba a taɓa barinmu mu ga macen da ta rasa miji tana da ƙuruciya ba, wadda masu rubuta tarihin gidan suka nuna ta sha fama da baƙin ciki kafin a bar Ingila.

Mutanen gari kashi biyu ne a wurinsa, kuma harshe ne ya raba su. Akwai Spiro direban tasi, wanda ya koyo Turanci a Amurka, ya samo musu gida mai banɗaki ranar da suka rasa yadda za su yi, ya zama shi ne mai cefane, mai faɗa da 'yan kwastan, mai riƙe gidan baki ɗaya. Duk da wannan, marubucin ya sa shi yana gwarancin Turanci daga farko har ƙarshe don a yi dariya. Akwai Lugaretzia 'yar aiki, wadda ba mu san komai nata ba sai nishi da lissafin cututtukanta. A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda yaron ya yi hira da su da Girkanci, harshen da ya koya a bakin makwabta: Yani tsohon makiyayi mai ajiye kunama a kwalbar mai don maganin harbi, da Agathi tsohuwa mai kaɗi a ƙofar gida da ke koya masa waƙoƙin ƙauye. Waɗannan maganarsu a miƙe take, da nauyi da mutunci. Wato mutum ɗaya zai iya fitowa wawa ko dattijo, gwargwadon harshen da marubuci ya zaɓa ya saurare shi da shi. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin a wasannin kwaikwayonmu da labaranmu an daɗe ana shigo da wanda ba Bahaushe ba don gwarancinsa kawai, ba a tambayar yadda yake magana idan ya koma cikin danginsa.

Wurin da Gerald ya fi kyautata wa ɗan gari shi ne haɗuwarsa da Kosti a bakin teku. Mutum ne mai sanyin hali, ya ba yaron kyautar wani babban tsuntsun teku, suka ci abin da ya kamo tare, ya faɗa masa cewa shi fursuna ne da ake bari ya zo gida ƙarshen mako. Sai da za su rabu yaron ya tambayi laifinsa, ya amsa a taƙaice cewa matarsa ya kashe. Marubucin bai yi wa'azi ba, bai yi bayani ba, ya bar mu da nauyin abin. A wannan shafi kaɗai muka ji cewa mutanen tsibirin suna da rayuwa mai zurfi da duhu wadda ba ta jiran baƙi su zo kallo.

Waɗanda Aka Share

Yanzu mun zo ga abin da ya fi damunmu. A littafin Gerald, Larry saurayi ne da ke zaune a gidan uwarsa. Nancy, matar da ya aura tun kafin su bar Ingila, wadda ta yi duk shekarun nan a tsibirin, ko sunanta babu. A littafin Lawrence kuwa Nancy tana nan, amma da harafin N. kawai, tana iyo, tana zane, ba ta cika buɗe baki ba. Uwarsa da Margo da Gerald babu su sam, Leslie kaɗai ya ɗan leƙo. Kowanne ya yanke wanda zai ɓata masa hoto. Ƙanen yana son gida mai uwa da 'ya'yanta, mata za ta rage wa Larry ban dariya. Wan yana son hoton mawaƙi da masoyiyarsa su kaɗai a ƙarshen duniya, uwa da ƙanne za su tona cewa gida na nan kusa. Sai a 2012 aka ji ɓangaren Nancy, lokacin da 'yarta Joanna Hodgkin ta fitar da littafi mai suna Amateurs in Eden, inda aka ga cewa zaman farin gidan yana da ɗacinsa.

Sharewar ba ta tsaya a kan dangi ba. Gerald ya ce sun bar tsibirin ne don malaminsa ya ce ya ƙare abin da zai koya masa, sai a kai shi makaranta a Ingila. Abin da ya faru shi ne a Afrilun 1939 Italiya ta mamaye Albaniya, ƙasar da ake hangowa daga taga, yaƙi ya ƙaraso bakin ƙofa. Ya nuna duk iyalin sun tafi tare a jirgin ƙasa, alhali Lawrence da Nancy sun zauna a Girka har 1941 kafin su tsere zuwa Masar. Wata 'yar aiki mutuniyar tsibirin ta bi uwar zuwa Ingila, ba ta sami ko layi ɗaya a babin ƙarshe ba. Tun 1936 Girka na ƙarƙashin mulkin kama-karya na Janar Metaxas, ba za ka ji ɗuriyarsa a gidajen nan uku ba. Bugu da ƙari, yaron ya sha ratsa unguwar Yahudawa ta birnin Korfu zuwa darasin Faransanci, ya kuma siffanta lungunanta da magunanta. A Yunin 1944 Jamusawa suka kwashe kusan mutum 1,800 na wannan al'umma zuwa sansanin Auschwitz, kaɗan ƙwarai suka dawo. Littafin ya fito shekara 12 bayan haka, bai ce uffan ba.

Mai kare marubucin zai ce da idon yaro aka ba da labarin, yaro kuwa bai san siyasa ba, kuma Gerald da kansa ya faɗa a gabatarwarsa cewa ya taƙaita, ya haɗe, ya datse. Wannan hujja ce mai ƙarfi, mun kuma yarda da rabinta. Babu rubutun da ba zaɓe a cikinsa, wanda ya ce zai zuba komai ba zai gama shafin farko ba. Amma mutum ɗan shekara 30 ne ya riƙe alƙalamin, kuma yana rubutu ne don ya sami kuɗin kafa gidan dabbobinsa, wanda ya buɗe a tsibirin Jersey a 1959. Ya san aljannar da ba yaƙi ta fi sayuwa. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe shi ne wannan: idan ka cire mutum daga labarinka, tambayi kanka, sirrinsa ka rufa ko wahalarsa ka ɓoye? Rufa asirin uwa abin fahimta ne. Amma sauƙin rayuwar da ya sa littafin ke da daɗi, talaucin tsibirin ne ya saye shi. Akwai mai ɗebo ruwa, akwai mai wanki, akwai mai dafa wa baƙin Larry, kuma arhar ƙwadagonsu ce ta ba yaro sararin kwanciya kallon gizo-gizo. Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. A 1939 raɓa ta ɗauke, waɗanda aka yi dariyar gwarancinsu su suka zauna bama-bamai suka same su.

Wannan hali ya bi Gerald har yankinmu. Daga 1947 ya riƙa zuwa kamun dabbobi a Kamarun Ingilishi, wadda a lokacin ake mulkinta haɗe da Nijeriya, ya kuma rubuta The Bafut Beagles a 1954. Can ma dabbobin sun sami kallon tsanaki, maharba da Sarkin Bafut kuwa aka fi riƙe su ta wajen Turancin buroka da shaye-shaye. Akwai ƙauna a rubutun, ba mu musa ba, sai dai ƙaunar mai kallon wasa ce.

Daga baya littattafan nan, tare da finafinan talabijin da aka yi a kansu a 1987 da kuma daga 2016 zuwa 2019, sun taimaka wajen jawo 'yan yawon buɗe ido zuwa Korfu. Gerald ya yi baƙin cikin yadda otal-otal suka cinye wuraren ƙuruciyarsa kafin rasuwarsa a 1995. Farin gidan Kalami ya zama gidan abinci da masaukin baƙi.

Kammalawa

Idan aka ce mu zaɓa wa mai koyon rubutu ɗaya daga cikin biyun, na Gerald za mu miƙa masa, domin a nan zai koyi gina hali, da shirya fage kafin aukuwa, da kallon ƙaramin abu har ya ba da labari. Na Lawrence kuwa a karanta babinsa na zaitun da na masunta, a ga yadda ake rubuta aikin hannu. Amma duka biyun a karanta su da tambaya a zuci: ina mutanen gari, me suke cewa idan baƙon ya juya baya?

Muna da namu rubutun tafiye-tafiye. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Waɗannan labaran matafiyi ne da ya je ya dawo. Abin da muke da ƙarancinsa shi ne labarin iyalin da suka sauke kaya suka zauna, ga shi kuwa Hausawa sun yi zuriya a Sabon Zangon Akara, da Jidda, da garuruwan Sudan har bakin Bahar Maliya. Yaya uwar gida ke yin tuwo inda ba dawa? Da wane harshe yara ke faɗa da juna? Wa ya ba su aron tukunya ranar da suka sauka, kuma me shi yake gani game da su? Maimakon haka, sau da yawa sai mu ga an kai tauraro Landan ko Dubai a shafi guda, ba titi, ba makwabci, ba ƙamshin komai, sunan gari kawai aka ara don ado.

Saboda haka kiranmu ga 'yan uwa shi ne, duk wanda Allah Ya kai shi zama wata ƙasa, ko wani ƙauye nesa da gida, ya buɗe kundi tun yau ya riƙa rubuta abin da aka ci da wanda ya dafa, da abin da aka faɗa da harshen da aka faɗe shi. In ya zo tsara littafi dole ya zubar da wasu abubuwa, amma kafin ya share mutum ya auna abin da sharewar za ta ɓoye. In da hali ma ya karanta wa masu masaukinsa abin da ya rubuta a kansu kafin ya kai maɗaba'a, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna maraba da ra'ayoyin masu karatu a kan wannan tarke a fitowa ta gaba. Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka, amin.